Ƙasar Azbin: Yanayinta da Tarihinta

Azbin, wadda Buzaye suke kira Ayar, jerin duwatsu ce a cikin hamadar Sahara, arewa da birnin Agadas a Jamhuriyar Nijar. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 84,000. Tsaunin Bagazam, wanda tsawonsa ya kai mita 2,022, shi ne mafi tsawo a duk ƙasar Nijar. Daga gabas kuwa sai rairayin Tenere, inda ba tsiro, ba inuwa.

Abin da ya raya Azbin shi ne ruwa. Ɗan ruwan da ake samu da damina yakan gangaro daga duwatsu zuwa ƙoramu, ya nutse cikin yashi, a haƙa rijiyoyi a same shi. Da shi ne mutanen Timiya da Iferwan suke noman dabino da alkama da albasa da rumman. Zane-zanen raƙuman dawa da shanu da ke jikin duwatsun suna nuna cewa a dā ƙasar ta fi haka dausayi.

Tarihin baka ya nuna cewa Gobirawa sun zauna a Azbin kafin Buzaye su matsa musu, su yi kudu. A ƙarni na 15 aka kafa sarautar Agadas, kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya ci birnin a 1515. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu ne Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Kowace kaka ayarin raƙuma kan ƙetare Tenere zuwa Balma, a ba da gero a karɓo kantu da dabino, sannan a nufi Damagaram da Katsina da Kano. Ta haka Hausa ta zama harshen kasuwa a Agadas.

A Disambar 1916 Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas. Da suka murƙushe boren a 1917, garuruwa da dama suka watse, dubban raƙuma suka salwanta. Farin 1973 da shigowar motoci suka ƙara raunana fataucin.

Saboda haka duk mai nazarin asalin Gobirawa, ko cinikin gishiri, ko yaɗuwar harshen Hausa, dole ne ya waiwayi waɗannan duwatsu, domin wani babi na tarihin Hausawa a can yake.