Yadda kakanni suka ceto harshen Maori daga bakin kabari

A watan Nuwamban 2024, bidiyon wata matashiyar 'yar majalisar New Zealand ya karaɗe shafukan sada zumunta. Hana-Rawhiti Maipi-Clarke ta miƙe a zauren majalisa, ta yayyaga takardar wani ƙuduri, sannan ta jagoranci rawar gargajiyar ƙabilar Maori da ake kira Haka.

Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, shekara 50 kafin wannan rana, harshen da ta ɗaga murya da shi ya kusa mutuwa.

Bulala a makaranta

Tun daga dokar makarantu ta 1867, Turanci ne ya mamaye karatun 'ya'yan Maori. Dattawa da dama sun ba da labarin yadda aka riƙa dukan su don sun yi magana da harshen iyayensu a makaranta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Maori sun kwarara birane neman aiki. Iyaye da yawa suka daina yi wa 'ya'yansu yaren, suna ganin Turanci ne zai ba su abinci. Binciken da masanin harshe Richard Benton ya yi a shekarun 1970 ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin 'yan Maori biyar ya ƙware a harshen, kuma akasarinsu tsofaffi ne.

A ranar 14 ga Satumban 1972, 'yar gwagwarmaya Hana Te Hemara ta kai wa majalisa takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum fiye da 30,000, ana neman a koyar da harshen a makarantu.

Sheƙar harshe

Amma dattawan ba su tsaya jiran gwamnati ba. Sun lura iyayen yara ba su iya harshen ba, kakanni ne suka iya. Sai suka yanke shawarar haɗa jikoki da kakanni kai tsaye.

A 1982 aka buɗe Kohanga Reo ta farko a Wainuiomata, kusa da Wellington babban birnin ƙasar. Sunan na nufin sheƙar harshe. Ana kai jarirai da ƙananan yara, su wuni da tsofaffi ana wasa da waƙa da cin abinci, ba tare da an furta Turanci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin shekara goma aka samu ɗaruruwan irin waɗannan wurare.

Da yaran suka isa shiga firamare, sai aka buɗe musu makarantar da ake koyar da komai da Maori a birnin Auckland a 1985. Doka ta biyo baya: a 1987 majalisa ta mayar da Maori harshen hukuma, a 2004 kuma aka buɗe tashar talabijin ta harshen.

Yadda manya ke koyo

Ga waɗanda suka girma ba su iya ba, akwai tsarin Te Ataarangi da wasu mata biyu, Katerina Mataira da Ngoi Pewhairangi, suka ƙirƙiro. Malami na amfani da ƙananan sanduna masu launi, yana nunawa ɗalibai na faɗa, kuma Maori zalla ake yi tun daga ranar farko.

Haruffan harshen 15 ne kacal. Inda sabon ɗalibi ke tuntuɓe shi ne tsawon wasali, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Maori, keke na nufin kek ɗin da ake ci, amma idan aka ja wasulan ya zama kēkē, to hammata ake nufi. Shi ya sa suke ɗora ɗan layi a kan dogon wasali.

Da sauran aiki

Ƙidayar 2023 ta nuna mutum fiye da 200,000 na iya hira da harshen, wato kusan kashi huɗu cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Burin da gwamnati ta sa a gaba shi ne a samu mutum miliyan ɗaya masu ɗan jin harshen nan da 2040.

Sai dai siyasa na juyawa. Gwamnatin da ta hau mulki a ƙarshen 2023 ta nemi ma'aikatu su fifita sunayensu na Turanci a kan na Maori, lamarin da ya fusata masu kishin harshen.

Wannan ne ya sa masu fafutukar ke nanata cewa doka da talabijin taimako kawai suke yi. Harshen zai tsira ne idan yaran da suka tashi a Kohanga Reo, waɗanda yanzu sun zama iyaye, suka ci gaba da yi wa 'ya'yansu shi a gida.