Bitamin D da mai juna biyu: a sha ko a bari?

Ɗalibai masu juna biyu, ga lakca ga laulayi, sannunku. Bitamin D ne ke taimaka wa jiki tsotsar kalsiyam mai gina ƙashin jariri. Ana samunsa daga hasken rana, kifin sadin da gwaiduwar ƙwai. In ya yi ƙaranci sosai a jikin uwa, jariri kan iya zuwa da raunin ƙashi, har da jijjiga.

Amma fa ƙwayar ba maganin sauƙin naƙuda ba ce. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha ba, kuma yawansa na cutar da ƙoda. Kar ki saya a kemis don ƙawa ta ce. Ki fara tambaya a wurin awo.