Farfela: Ƙaramin abin da ke ƙona injin masu jirgin rimot

A shekarar 2007 sunan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya zaga duniya bayan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic. Jirgin ya tashi, sai dai bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. A Yamai kuwa, Abdoul Aziz Kountché ya mayar da sha'awar ƙananan jirage sana'a, inda ya kafa kamfanin Drone Africa Service.

Matashin Dogon Dutsi ko Tibiri da ke son bin sahunsu da jirgin rimot mai alkafura a sama, yawanci inji da batir yake sa wa ido. Farfela kuwa, duk wadda ta shiga hannu. Nan asarar take.

Kowace farfela tana ɗauke da lambobi biyu, misali 10x6. Ta farko tsawonta ne daga baki zuwa baki, inci 10. Ta biyu murɗinta ne, wato nisan da za ta ci gaba a juyi guda, inci 6, kamar kusa mai zare da ke shiga katako. Gajeriya mai murɗi da yawa gudu take bayarwa. Doguwa mai ƙaramin murɗi ja take yi, tamkar giyar farko a babur, kuma ita mai alkafura yake buƙata: jirgin ya miƙe sama tsaye, ya rataya a iska, ya sauko ba da gudun tsiya ba.

Sai dai tsawo yana da tsada. Idan aka sauya mai inci 10 da mai inci 11, murɗi da saurin juyi suna nan yadda suke, nauyin da ke kan inji yakan ƙaru da kusan rabi. Inci ɗaya tak! Daga nan sai zafi, sai ƙauri, sai jiran sabon inji daga China.

Ga kuma bazarar Arewa. A zafin digiri 42, iska ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 9 cikin 100, don haka farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ba ya hucewa da wuri. Girman da kamfani ya rubuta a kwali mafari ne kawai. Kafin tashi, a riƙe jirgin a ƙasa, a buɗe wuta na ɗan lokaci, a kashe, sannan a taɓa injin: idan yatsa bai iya zama a kai ba, a rage inci ɗaya.