Allah Ba Ya Karɓar Rabin Zuciya

Gaisuwa ga mutanen Ajame da na Tireshbil, masu rumfa da masu talla, masu goro da masu yadi, 'yan dako da masu sayar da garba a bakin hanya. Ku ɗan ajiye mudu ku kasa kunne, gama maganar yau ta shafi ran kowane ɗayanmu.

Kwanan baya wani ɗan'uwa mai sayar da yadi ya tsai da ni kusa da tashar mota ta Ajame. Ya ce, "Malam, kullum kuna cewa mu ba da kanmu ga Allah. To, ni an yi mini baftisma, ina zuwa sujada ran Lahadi, ina ba da baiko. Me ya rage kuma?" Tambaya ce mai kyau, kuma na san ba shi kaɗai ke da ita ba. Ita za mu amsa yau.

Ku 'yan kasuwa kun san bambancin kafin alƙalami da biyan kuɗi. Mutum ya kan zo rumfarka, ya taya turmin atamfa, ya ba ka kafin alƙalami, ya ce zai dawo. Atamfar nan ba ta zama tasa ba tukuna, kai ma ba ka iya sayar da ita ga wani. Kaya sun tsaya, ciniki bai faɗa ba. Haka yawancinmu muke yi da Allah. Mun ba shi safiyar Lahadi, mun riƙe sauran kwana shida. Mun ba shi bakinmu wajen waƙa, mun riƙe sikeli da aljihu. Muna taya shi kamar dillali, muna cewa, "Karɓi wannan, bar mini wancan."

Sai dai a nan misalin ya juya. Cikin wannan ciniki ba mu ne masu saye ba, mu ne kayan. Manzo Bulus ya tuna wa mutanen Korinti, a wasiƙarsa ta fari sura 6, cewa an riga an biya kuɗinsu, saboda haka ba su da ikon kansu. Kuɗin nan jinin Yesu ne a kan gicciye, kuma ya biya duka, bai bar bashi ba. Don haka ba da kai ga Allah ba sayen ceto ba ne. Ceto kyauta ne. Ba da kai shi ne ka miƙa wa Mai Kaya kayan da ya riga ya biya. In mutum ya biya buhun shinkafa, ka ɗebe mudu biyu ka ɓoye kafin ka ba shi, me za a kira ka a kasuwa? Ku karanta labarin Hananiya da matarsa Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Gonar tasu ce, ba wanda ya tilasta musu sayarwa. Laifinsu shi ne sun kawo wani kashi, suka ce duka ne.

Domin ku ga yadda abin yake a jikin mutum, bari in ba ku labarin wani da ya taka wannan ƙasa da muke zaune a ciki. Sunansa William Wade Harris. An haife shi wajen shekarar 1860, kusa da Cape Palmas a ƙasar Laberiya, daga kabilar Girebo. Ya yi aiki cikin jiragen ruwa, ya yi aikin magini, daga baya ya zama malamin makaranta da mai koyar da addini a mishan, ya kuma yi wa gwamnati tafinta. Tun yana saurayi ya karɓi bangaskiya. Watau kamar ɗan'uwanmu mai yadi, an yi masa baftisma, yana zuwa sujada, har ma yana koya wa waɗansu.

Amma begensa na kan wani abu dabam. Yana so Ingila ta karɓi mulkin ƙasarsa, domin mutanensa su huta da gwamnatin Laberiya. A shekarar 1909 ya kafa tutar Ingila a bakin teku, aka kama shi, aka sa shi a kurkuku. Can cikin kurkuku, a shekarar 1910, ya ce mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi, ya sa shi aikin wa'azi. A lokacin yana da shekara kamar hamsin. Ku lura, shekara wajen talatin yana Kirista kafin ya saki abin da ya riƙe.

Da ya fito, ya tuɓe tufafin Turawa da takalmi. Ya sa farar riga da rawani. Ya ɗauki gicciye na gora, da Littafi Mai Tsarki, da ƙwarya ta ruwan baftisma, da caki na duma domin waƙa. A watan Yuli 1913 ya ƙetare kogin Cavally ya shigo Kodebuwa a ƙasa, ba takalmi, tare da mata biyu masu taya shi waƙa. Ya bi bakin teku ta Lahou da Grand-Bassam har Axim a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sa'an nan ya komo. A lokacin Abijan ba ta zama birni ba, Bingerville ne mazaunin gwamna har 1934. Bai iya harsunan mutanen nan ba, sai da tafinta. Saƙonsa gajere ne: Allah ɗaya ne, ku ƙone gumakanku da layunku, ku karɓi baftisma, ku kiyaye ranar Lahadi, ku bar sata da zina. Cikin wata goma sha takwas mutum fiye da 100,000 suka karɓi baftisma, daga hannunsa da hannun waɗanda ya aika. Cikinsu akwai Ebriye, masu ƙasar da Ajame da Tireshbil ke kai yau.

Abu uku nake so mu gani ga wannan mutum.

Na ɗaya, bai karɓi kuɗin baftisma ba. Da ya so, da ya koma gida attajiri, gama mutane sun saba biyan boka kafin ya yi musu aiki. Wanda ya ba da kansa ga Allah ba ya mai da bishara haja.

Na biyu, bai jawo mutane wurin kansa ba. Wani lokaci ya kan karya gicciyen goran nan ya yi sabo, domin kada su ɗauke shi wani sabon tsafi. Inda akwai ikilisiya, ya ce su shiga. Inda babu, ya ce su gina ɗakin sujada, su zaɓi dattawa goma sha biyu su lura da jama'a, su jira malamai masu zuwa da Littafi.

Na uku, ya sha wuya bai janye ba. Da yaƙin duniya ya tashi a 1914, masu mulkin Faransa suka tsorata da taron da ke binsa. Aka kama shi da matan nan, aka yi musu dūka, aka kore su daga ƙasar a farkon 1915. Ɗaya daga cikinsu, Helen Valentine, ta rasu saboda dūkan. Sau da dama ya yi ƙoƙarin komowa, ana mai da shi daga iyaka. Ya ci gaba da wa'azi a Laberiya da Saliyo, ya mutu a 1929, matalauci.

To, aikin ya mutu tare da shi? Ko kaɗan. A 1924 wani ɗan mishan na Metodis, William Platt, ya zo ya tarar da dubban mutane cikin ƙauyuka suna taruwa a ɗakunan sujada da suka gina da hannunsu. A waɗansu wurare sun sayi Littafi Mai Tsarki na Turanci sun ajiye a kan tebur, ba wanda ya iya karanta shi, suna jira. Shekara goma suna jira! Har yau akwai ikilisiya mai ɗauke da sunansa cikin ƙauyukan Ebriye da birnin nan ya haɗiye, ikilisiyar Metodis ta ƙasar nan kuma daga girbinsa ta yi ƙarfi.

Ba na ce Harris ba shi da aibu ba. Mutum ne. Kan zancen auren mata da yawa, shi da 'yan mishan ba su daidaita ba, kuma ba shi ne ma'auninmu ba, Maganar Allah ce. Ba na kuma ce kowa ya jira mala'ika, ko ya rufe rumfa ya ɗauki sanda. Abin da nake nunawa shi ne, tafinta ɗaya da ya ba da kansa duka, Allah ya yi aiki da shi cikin wata goma sha takwas fiye da abin da ya yi cikin shekara talatin ɗin da suka wuce.

Wani zai ce, "Malam, ni baƙo ne a garin nan. Neman abinci ya kawo ni daga Maraɗi, ko Zariya, ko Dogonduci. Ina da iyali a gida masu jiran aike." Gaskiya ne. Amma ka karanta Ayyukan Manzanni sura 18. Akila da matarsa Biriskila baƙi ne a Korinti, birnin jiragen ruwa kamar Abijan. Sarkin Roma ne ya kore su daga inda suke zaune. Sana'arsu ɗinkin tanti. Ba su bar sana'a ba. Suka sauki Bulus a gidansu, suna ɗinki tare. Da suka koma Afisa, su ne suka ja Afolos gefe suka ƙara fahimtar da shi hanyar Allah, gidansu kuma ya zama wurin taron masu bi. Kai kana cewa kasuwa ta kawo ka Ajame. Ka sani ko Allah ne ya kawo ka, domin wani da ke rumfa ta gaba?

Yanzu ga amsar tambayar ɗan'uwanmu mai yadi. Abin da ya rage shi ne abin nan da ka ɓoye a bayan kanta. Kowa ya san nasa. Ga wani, layar da ya binne a ƙofar rumfa ce domin jawo ciniki, yana addu'a da safe, yana dogara ga laya da rana. Taura biyu ba ta taunuwa. Ga wani, mudun da aka bubbuge gindinsa ne, ko gwajin yadi da aka rage, ko algus cikin gari. Ga wani, rantsuwar ƙarya ce kan kuɗin da ya sayo kaya. Ga wani, gaba ce da ɗan'uwa tun shekara biyar saboda bashi. Ga wani kuwa, kunya ce. Maƙwabtansa sun san sunan garinsu da na matarsa, amma ba su san shi mai bin Yesu ne ba.

Kada in ruɗe ku, abin yana da tsada. In ka gyara mudu, riba za ta ragu. In ka rufe ran Lahadi domin sujada, wani zai ɗauke mai cinikinka. In ka faɗi sunan Yesu, mai yiwuwa waɗanda kuke cin tuwo tare su janye, ko maigidan da ya sauke ka ya sake fuska. Ubangiji da kansa, cikin Luka sura 14, ya ce mai son gini ya fara zama ya yi lissafi. Ku yi lissafin. Amma ku sa wannan a ɗaya gefen sikelin: cikin Matiyu sura 13 ya ba da misalin falke mai neman lu'ulu'u, wanda ya ga guda ɗaya tak, ya sayar da jarinsa duka ya saye shi. Ba wauta ya yi ba. Ya san kaya.

Game da shaida kuwa, ga yadda za a fara. Mudunka shi ne wa'azinka na fari, gama gani ya kori ji. Ba wanda zai saurari bishara daga bakin da ya yi masa ƙarya kan farashi jiya. Yawancin waɗanda muke zama da su Musulmi ne, 'yan'uwanmu ne na gari da na harshe, da yawa sun taimake mu ranar da muka sauka ba mu san kowa ba. Ka girmama su. Kada ka zagi addinin kowa, kada ka nemi gardama a dandali. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya ce mu zauna da shiri domin amsa wa mai tambaya, amma a yi shi cikin ladabi. In maƙwabcinka ya kwanta ciwo, je ka gaishe shi, ka tsare masa rumfa, ka yi masa addu'a. Ran da ya tambaye ka dalili, kada ka ce hali ne kawai. Ka faɗi gaskiya, ka ce Yesu ne ya yi maka haka tun da fari. Sauran aikin na Ruhu Mai Tsarki ne.

Ku tuna da mutanen nan da suka ajiye Littafin da ba su iya karantawa ba. Mu ba mu da wannan hujja. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, bayan wahalar Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Littafin yana cikin harshen da uwarka ta yi maka magana. Idan ka iya karatu, karanta wa wanda bai iya ba, ko aya biyar ce bayan an tashi kasuwa. Idan ba ka iya ba, nemi mai bi ya karanta maka, ka riƙe a ka.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau da dare kafin ka ƙirga cinikin yini, ƙirga wannan. Kira abin da ka ɓoye da sunansa a gaban Allah, ka miƙa masa. In laya ce, tone ta. In mudu ne, sake shi gobe da safe. In gaba ce, je ka nemi sulhu. Sa'an nan ka zaɓi mutum ɗaya a layinku, ka fara yi masa addu'a kowace rana.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka saye mu da jinin Ɗanka, mu kuwa mun daɗe muna taya ka. Ka gafarta mana. Ga zuciyarmu, ga rumfarmu, ga bakinmu, karɓi duka. Ka ba mu gaskiya wajen awo, da ƙarfin hali wajen shaida, da ƙauna ga maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Allah shi ba da sa'ar kasuwa, shi kiyaye ku da iyalanku na nan da na gida. Sai mun sake saduwa.