Garin da Ke Jure Wuta, Amma Hasken Rana Na Cin Sa

Idan aka zuba yuriya, irin wadda manoma ke sa wa masara, a tukunyar gwaji aka rufe aka gasa a zafin digiri 550, abin da ke saura wani gari ne ruwan ɗorawa, kabon naitiraid. Tun 1834 Justus von Liebig ya bayyana danginsa, amma tauraronsa bai haska ba sai 2009, da Xinchen Wang da Markus Antonietti na cibiyar Max Planck a Jamus, tare da Kazunari Domen na Japan, suka nuna cewa yana iya fitar da iskar haidurojin daga ruwa da hasken da ido ke gani. Babu ƙarfe a jikinsa, kayan haɗinsa kuma araha ne.

Aka yi ta yabon taurinsa: asid ba ya narkar da shi da sauƙi, yana jure zafi har kusan digiri 600. Duk gaskiya ne, amma a cikin duhu. Da zarar an shafa shi a gilashi mai ɗaukar lantarki, an tsoma a ruwa, an haska, labari ya sha bamban.

Haske kan fizge elektiron daga jikin garin ya bar gurbi, gurbin kuma dole ya cike kansa. So ake yi ya ƙwato elektiron daga ruwa don oksijin ya fita, sai dai wannan aiki nawa gare shi, domin kowace ƙwayar oksijin sai an zare elektiron huɗu. Kafin a kai nan, gurbin ya juya kan garin da kansa, yana tsinke haɗin kabon da naitirojin. Ƙarfin lantarkin ya yi ta raguwa, kumfar iska kuma tana ɓamɓare shafen daga gilashi.

To, me ya sa rahotanni da yawa ke nuna sakamako mai daɗi? Galibi ana zuba wani sinadari, tirayetanolamin, wanda gurbin ke ci a madadin garin, a kuma barbaɗa filatinam. Dabara ce mai amfani a ɗakin gwaji, amma tana rufe aibin da ya kamata a auna.

Masana na ƙoƙarin tsiro da shafen kai tsaye a jikin gilashi, da lulluɓe shi da sinadaran nikel ko kobal masu hanzarta fitar oksijin. Duk da haka yawancin gwaje-gwajen da sa'o'i ake ƙirga su, alhali farantin sola na kasuwa garantin shekara 25 ake ba shi. Duk wanda ya kawo maka albishir kan garin nan, tambaye shi awa nawa ya yi yana aiki a ruwa zalla.