Wayarka Ba Ta Tsufa Ba, Manhajarta Aka Daina Ciyarwa

Duk wanda ya ɗan zauna a rumfar mai gyaran waya a Makarfi ko Hunkuyi ya san kukan da aka fi kawowa. Mutum zai zaro waya daga aljihu, gilashinta garau, batirinta na riƙe caji, ya ce, "Malam, ta yi nauyi, talla ta hana ni sakat, data kuma kamar ana zuba ruwa a rariya." Mai gyara ya jujjuya ta, ya ce sai dai a yi mata filashin, in ta ƙi a sayi sabuwa. Sau da yawa ƙarfen lafiya lau yake. Ciwon yana cikin babbar manhajar da ke tuƙa wayar, wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabuntawa.

Kusan duk wayar shafa da ke hannunmu, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, Android ce ke tuƙa ta. Google ya sayi Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gindin Android a buɗe yake: an baje rubutun da aka gina ta da shi, kowa na da damar karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Kamfanoni su ne ke ɗaukar wannan gindi su ɗora nasu kayan a kai, har da manhajojin da ba ka nema ba kuma ba ka iya gogewa.

Manomin rake zai fi saurin ganewa. Irin rake ba a kulle yake a hannun wani ba. Maƙwabci zai yanko maka gaɓoɓi ka binne, baɗi kai ma ka ba wani. Sai ka kwatanta da irin tumatirin gwangwani ko na leda da masu noman rani ke saya a Ikara, wanda in kana son yabanya irin ta bara, dole ka koma shago. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce raken. Akwai masu sa-kai a faɗin duniya da ke renon irin wannan Android, mafi shahara ita ce LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. Akwai /e/OS da wani Bafaranshe, Gaël Duval, ya assasa, akwai kuma GrapheneOS mai tsananin tsaro, wadda ta keɓanta da wayoyin Pixel. Wayar da kamfani ya yi watsi da ita, irin waɗannan kan iya ƙara mata shekaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa a watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba.

To amma ga inda masu tallata abin ke yin tuntuɓe. Sai su zo da dogon Turanci a kan 'yanci da sirri, alhali mai sauraro tambaya uku ce a ransa: WhatsApp zai yi? Zan iya tura kuɗi? In ta lalace wa zai gyara? Wanda bai amsa waɗannan ba, ya yi ta wa'azi har la'asar, ba wanda zai miƙa masa waya. An taɓa gwadawa ai. Mozilla ta fitar da tata babbar manhajar waya, Firefox OS, a 2013, har kamfanin Orange ya sayar da wata waya mai arha mai ɗauke da ita, Klif, a ƙasashen Afirka a 2015. Kafin 2016 ta ƙare an tattara an ajiye, domin manhajojin da jama'a suka saba da su ba su bi ta can ba. Kyan niyya bai cika kasuwa ba.

Gaskiya kuma ɗaya ce, dole a faɗe ta ko da za ta rage wa zancen armashi. Yawancin Tecno da itel da ke yawo a ƙauyukanmu ba sa cikin jerin wayoyin da LineageOS ke kula da su. An fi samun wasu samfuran Motorola, Xiaomi, OnePlus, Pixel da Samsung. Sannan kafin a sauya manhajar sai an buɗe makullin da kamfani ya sa wa wayar, abin da ke share komai: hotunan suna, lambobin dillalai, karatun malamai da aka tura maka a rumfar caji. Wasu manhajojin banki kuma kan ƙi buɗewa in sun ga an taɓa makullin. Ɗan kasuwar da cinikin mazarƙwailarsa ya dogara ga shigowar alat, kada ya yi gwaji da wayarsa tilo.

Shi ya sa nake ganin ba a kan mai waya ya kamata a fara ba, a kan mai gyara ne. Yaranmu da suka koyo sana'ar a PZ ta Zariya ko Farm Centre ta Kano, su ne ake yarda da maganarsu, kuma filashin ɗin da suke yi kullum ɗan'uwan wannan aikin ne, bambancin kawai abin da ake ɗorawa da inda aka samo shi. Idan mai gyara ɗaya a Kudan ya ɗora wa tsohuwar waya sabon rai, ya ajiye ta a kan tebur kowa ya shafa ya gani, ya fi lacca goma.

Wanda wayarsa ba ta karɓar sauyin ma yana da ƙofa. Akwai F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajoji kyauta da ake sa wa kowace Android ba tare da an goge komai ba, akasarinsu babu talla. VLC na kunna karatu da finafinai. Organic Maps na nuna hanya ko da babu sabis, in dai ka sauke taswirar Kaduna tun kana gari. Ranar da kuma za ka sayi waya ta hannu, bayan ka duba batiri da kyamara, ka ƙara wa mai shago tambaya guda: wannan ana buɗe makullinta?