Hannun da ya jefa ƙwallo sau 413

Ranar 20 ga Agusta, 2008, a birnin Beijin, Yukiko Ueno ta Japan ta shiga fili da safe ta sha kashi a hannun Amurka. Da yamma ta sake fitowa ta kara da Ostareliya, wasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a zagaye na 12 Japan ta sha da ƙyar. Washegari ita aka sake damƙa wa ƙwallo a wasan ƙarshe na Olamfik, ta kuma kayar da Amurkawan nan da ci 3 da 1. Da aka zauna lissafi, jifa 413 ta yi cikin kwana biyu.

Wasan shi ne softbol, ƙanin besbol, wanda aka fara a Chicago a 1887. Kowane ɓangare mutum tara ne, zagaye bakwai ake yi. Mai jifa tana tsayawa tazarar mita 13 daga mai sanda, ta juya hannu kamar fanka, ta saki ƙwallon daga ƙasan ƙugu. Idan mai sanda ta kuskure sau uku, ta fita. Sunan wasan na nufin ƙwallo mai taushi, amma a tambayi Ueno: a 2019 ƙwallon da aka doko ya karya mata muƙamuƙi.

Taurarin wasan galibi majefa ne. Tun kafin a san shi a Olamfik akwai Joan Joyce ta jihar Connecticut. A 1961 aka haɗa ta da Ted Williams, ɗaya daga cikin gwanayen sanda a tarihin besbol, a wani wasan tara kuɗin taimako. Ya yi ta kai duka yana dukan iska. Daga baya Joyce ta koma golf ta yi shekaru tana gasar ƙwararru, abin da ya sa wasu ke sa ta a sahun gaba na 'yan wasa mata a Amurka baki ɗaya.

Lisa Fernandez, wadda mahaifinta ɗan Kuba ne, mahaifiyarta 'yar Puerto Rico, ita ce ginshiƙin Amurka lokacin da ta ɗauki zinaren Olamfik a 1996 da 2000 da 2004. A Sydney a 2000 ta fitar da 'yan Ostareliya 25 a wasa guda, kuma duk da haka aka cinye ta. A Athens a 2004 kuwa ci 51 Amurka ta zuba, ɗaya tal aka ci ta. Jennie Finch ta yi nasara 60 a jere a Jami'ar Arizona, Monica Abbott kuma ta sa hannu a kwantiragin dala miliyan ɗaya a 2016.

Irin wannan runduna ce Ueno ta taka wa birki. Abin takaici, tun 2005 kwamitin Olamfik ya yanke shawarar cire wasan, don haka daga Beijin ƙofa ta rufe. Mata da yawa ƙuruciyarsu ta ƙare suna jira.

Ueno ba ta ajiye ba. Shekara 13 bayan nan, da aka dawo da wasan a gasar Tokyo a 2021, ta sake fuskantar Amurka a wasan ƙarshe a Yokohama, tana da shekara 39. Cat Osterman ta Amurka, wadda ta kara da ita a Beijin, ta dawo daga ritaya don ramuwa, amma Japan ta sake cinyewa da 2 da nema. In ana maganar wadda ta fi kowa, Amurkawa za su ce Joyce ko Fernandez, sai dai a cikinsu babu wadda ta ɗauki ƙasa guda a kafaɗa kamar Ueno.

Bayan Tokyo an sake cire wasan, amma zai dawo Olamfik a 2028, a birnin Oklahoma za a buga shi.